Malama Rakiya a Birnin Hargitsau

A bayan duniyar nan da muke gani akwai wani birni da ba a zuwa da ƙafa, ba a zuwa a kan doki, ba a zuwa a mota. Guguwa kaɗai ta san hanyarsa. A birnin nan kowane abu yana rataye da sunansa a wuya, an rubuta shi a kan 'yan duwatsu an jera su a zare, kowane dutse da harafi ɗaya. Duk wanda ya sauya wa duwatsun zama har suka ba da wata kalma, ya kuma furta ta da ƙarfi, nan take abin zai rikiɗa ya koma abin da sabuwar kalmar ta ce. Sarkin birnin wani aljani ne da ake kira Hargitsau. Ba abin da ke faranta masa rai kamar ya ga mai ilimi ya tsaya gaban 'yan haruffa yana zufa.

To, a garin Tsamiyar Ruwa akwai wata malamar makaranta, Malama Rakiya, wadda saurin karatunta ya zama abin labari. In aka miƙa mata takarda, kafin mai miƙowa ya janye hannunsa ta gama faɗin abin da ke ciki. Ita ma ta san da haka, ba ta kuwa ɓoyewa. Takan ce ba a halicci kalmar da za ta tsayar da ita ba. Wannan magana ce iska ta kwasa ta kai kunnen Hargitsau.

'Yarta ɗaya ce, Ladi, yarinya da ba ta gama firamare ba. Ran nan da rana tsaka Malama Rakiya tana tsintar shinkafa a tsakar gida, Ladi kuwa tana durƙushe gefe tana zana sunanta a ƙasa da tsinke. Sai ga wata guguwa ta tsallako katanga, doguwa, siririya, ko ganye ɗaya ba ta ɗauka ba. Ta zo ta tsaya a kan rubutun ta yi juyi. Rakiya tana kallo haruffan nan suka tashi kamar tururuwa suka sauya wuri, LADI ya koma DILA. Ta ɗaga kai, babu yarinya, sai wata 'yar dila da 'yan kunne a kunnuwanta, tana kallonta da idanun Ladi. Guguwa ta sure ta ta yi sama.

Da wata uwar ce, da sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Rakiya kuwa faifan ta jefar, ta ƙara ɗaure zane, ta daka tsalle ta faɗa cikin wutsiyar guguwar.

Da ta buɗe ido sai ta gan ta a wani fili mai jan yashi, rana tana tafiya daga yamma zuwa gabas. A gabanta an shimfiɗa wata babbar riga, wadda faɗinta ya ci daga wannan gefen duniya zuwa wancan, aikin wuyanta kaɗai ya fi gonar sarki girma. A bakin rigar wani dogon aljani yana tsaye, ya sa tufafinsa a baibai, fuskarsa tana ƙeya, yatsun ƙafarsa suna kallon baya.

Ya juyo mata baya don ya gan ta, ya ce, “Ya ke 'yar Adam, wa ya gayyato ki ƙasar da ba a gayyatar kowa?”

Ta ce, “Ya kai wannan halitta, ban zo bisa gayyata ba. An ɗauko mini 'ya, na biyo sawu. Kai ne wa, ina kuma aka kai ta?”

“Ni ne Baibai, mai tsaron ƙofar Sarki Hargitsau. 'Yarki tana fadarsa, hanyar fadar kuma tana gabanki, in kin iya buɗe ta.” Ya ciro wani zare mai duwatsu huɗu daga bakin rigar, ya gaya mata ƙa'idar ƙasarsu. Ya ƙara da cewa, “Amma ki sani, wanda ya gaza, sunansa ake hargitsawa, ya zauna tare da mu har abada.”

Rakiya ta ce, “Miƙo. Ni da nake koyar da haruffa tun kafin a yaye wasu iyayen?”

Ta karɓa ta duba, RIGA. Kafin ta taɓa dutse ɗaya, sai waɗansu 'yan mitsi-mitsin aljanu suka ɓullo daga aljihun rigar, suka kewaye ta suna tafi suna waƙa, “Ri-ga! Ri-ga! Ri-ga!”

Abin mamaki, sai kan Malama ya tsaya cak. Haruffa huɗu ne kacal, waɗanda ɗan aji ɗaya ya sani, amma duk inda ta kai ido sai kalmar ta tsaya mata gaba ɗaya, ta ƙi rabuwa. Ta so ta ga RI daban, GA daban, sai kunnenta ya ce riga, idonta ya ce riga, har harshenta ya fara bin waƙar. Ta gane da a ce tarkacen haruffa ne marasa ma'ana, da tuni ta jera su. Wannan kuwa cikakkiyar kalma ce, hankali ya riga ya ƙoshi da ita, ba ya neman wata.

Ta ce a ranta, “Au, wasan ke nan?” Ta yage bakin ɗankwalinta ta toshe kunne ɗaya, ta durƙusa ta kafa ɗayan a jikin rigar. Can ƙarƙashi ta jiyo sautin taɓarya a turmi, da carar zakara, da kukan jariri, da wani mai tallan ruwa. Ta miƙe tana murmushi. Ta ɗauki duwatsu biyun baya ta kawo su gaba, ta ɗaga murya ta ce, “Gari!”

Rigar nan ta kumbura ta tashi sama. Hannayenta suka zama ganuwa, aljihunta ya zama kasuwa, wuyanta ya zama ƙofa. 'Yan aljanun suka watse suna tsaki.

Rakiya ta dubi Baibai ta ce, “Ashe iyakar abin ke nan? A ɗauko gaɓar baya a kawo gaba? Ka gaya wa sarkinku ya fara shirya mini 'yata.”

Baibai ya ce, “Shiga, ya ke mai saurin ido. Makullin da ya buɗe miki ƙofa, ki riƙe shi da kyau.” Ya yi wata dariya da ba ta so ba.

Ta shiga birni. Ta wuce itatuwan da saiwoyinsu ke sama suna shan iska, ta haye wani rafi da ke gangarawa zuwa kan dutse, ta ga kifaye a kan reshe, tsuntsaye a ruwa. Ba ta tsaya kallo ba. Hanya ta yi ta tsukewa har ta zama wani lungu tsakanin dogayen katangu biyu, a tsakiyar lungun kuwa wata kasa ce kwance, kaurinta ya kai gindin kuka, ta toshe hanya tana sharar barcin nan nata da aka san ta da shi. Zaren sunanta yana wuya.

Rakiya ta cire takalmi, ta sanɗa, ta zare zaren a hankali. Dutsen ƙarshe yana rabuwa da fatar macijiyar sai ta buɗe ido, ta fara huci tana kumbura, iskar bakinta tana ƙona ganyen da ke jikin katanga.

Malama ba ta razana ba. Ta dubi duwatsun, KASA, hannunta ya yi abin da ya yi a ƙofa, ya kwaso na baya ya kawo gaba. Ta ce, “Saka!”

Macijiya ta ɓace. A madadinta sai ga wani ƙaton hannu, ba jiki, ba kafaɗa, wanda ba shi da aiki a duniya sai saka abu cikin abu. Ya kama Rakiya ta ƙugu, ya saka ta cikin wata jakar fata da ke rataye a katanga, kanta ƙasa ƙafafunta sama. Bai tsaya nan ba. Ya ɗebo yashi ya saka, ya ɗebo tsakuwa ya saka, ya koma ɗebo wani.

Muryar Baibai ta zo daga kan katanga, “Ya ke 'yar Adam, yaya kika ji makullin naki?”

Ta ce, “Ka jira ka gani,” yashi yana shiga mata baki.

A faɗuwar da ta yi duwatsun sun zube daga zare, sun warwatsu a gindin jakar dab da hancinta. Ɗaya daga cikin A biyun ta gangara ta tsaya a gaba, S da K suka haɗa kafaɗa, ɗayar A tana can baya. Ta ce a ranta, “Wannan shirme ne. Baƙi ke fara kalma, wasali ya biyo, haka ake yi.” Ta yunƙura za ta gyara, ta ji yashi ya danne mata hannu. Ba yadda za ta yi sai kallo. Tana kallo, tana haushi, har idonta ya gaji da neman abin da ya saba ya karanta abin da ke gabansa.

Ta tofar da yashi ta ce, “Aska!”

Hannun ya ɓace da yashin da ya ɗebo, wata aska mai ƙyalli ta faɗo cikin jakar, duwatsun suka nannaɗe a ƙotarta. Rakiya ta zaro hannu da ƙyar, ta tsarge fatar, ta faɗo ƙasa tare da tarin tsakuwa. Ta karkaɗe jiki, ta sa takalmi, ta soke askar a ƙugu.

Baibai ya ce, “Sa'a ce ta fitar da ke.”

Ta ce, “Na yarda. Amma ni in sa'a ta koya mini abu sau ɗaya, ya zama nawa.”

Lungun ya kai ta zauren fada. Tana sa ƙafa ƙofa ta rufe ta baya, ta gaba ma a rufe. Daga rufi wani zare ya sauko da duwatsu shida, TAKURA. Nan take bangon dama da na hagu suka fara matsowa, rufin yana saukowa, ƙasa tana ƙara kamar ana niƙa.

Da a zaune take a inuwa, da ta tuna darasin jaka. Amma bango yana tahowa, mutum kuwa in ya matsu, abin da ya saba shi yake fara kamawa. Idonta ya raba duwatsun bibbiyu, ta, ku, ra, ta shiga jujjuya su. Ta-ra-ku, ba komai. Ra-ku-ta, ba komai. Ku-ra-ta. Ga kalma ta fito. Ba ta tsaya tunanin me za ta haifa ba, ta ce, “Kurata!”

Bangaye suka ɓace. Sai ta gan ta a tsakiyar kuratan soja na aljanu, kawunansu ƙwal, kowa da kulki, sun yi mata zobe. Sababbin shiga ne, ba su san komai ba sai duka. Suka taho suna buga ƙafa tare, “Ku-ra-ta! Ku-ra-ta!” Kulki na farko ya wuce ta gefen kunnenta, na biyu ya same ta a kafaɗa. Ta yi maza ta mayar da duwatsun yadda suke, ta ce, “Takura!” Kurata suka ɓace, bangaye suka dawo, sai dai yanzu sun matso har gwiwar hannunta tana gogar kowanne.

Ta durƙusa, don rufin ya hana ta tsayuwa. Ta ce wa kanta da ƙarfi, kamar tana yi wa ɗaliba faɗa, “Rakiya, wa ya ɗaura wa T da A aure? Wa ya ce K ba ta rabuwa da U? Ke ce kika manne su, ba su ba.”

Ta zaro aska ta datse zaren, duwatsu suka zube. Ta ware baƙaƙe gefe guda, T da K da R, ta ware wasula gefe guda, A da U da A. Da ta yi haka sai waƙar takura ta mutu a kunnenta, ba abin da ya rage sai duwatsu shida da ba su san juna ba. Ta ɗauki K ta ba ta A. Ka. Ta jawo R da ɗayar A. Kara. Saura biyu suka zo da kansu.

Bango ya riga ya matse mata haƙarƙari, da ƙyar ta sami iskar da ta ce, “Karatu!”

Zauren ya buɗe kamar an buɗe littafi. Bangaye suka kwanta dama da hagu, muryoyin yara masu bita suka cika wurin, iska mai sanyi ta shigo. Rakiya ta zauna ta yi dariya har da hawaye. Abin da take yi kullum tun safe har la'asar, abin da take alfahari da shi, shi ne ya ɓoye mata a tafin hannu har ya kusa kashe ta.

Ta miƙe ta wuce cikin fada. Can a kan wata karaga ta iska Sarki Hargitsau yana zaune. Ba shi da siffa ɗaya. Idanunsa da hancinsa da bakinsa suna yawo a fuskarsa, yanzu baki yana goshi, an jima yana haɓa. A gindin karagar 'yar dila tana ɗaure, tana ganin Rakiya ta fara kuka tana jan igiya.

Rakiya ta rusuna kaɗan ta ce, “Ranka ya daɗe, sarkin wannan ƙasa. Na zo karɓar abin da aka ɗauko daga gidana ba da sallama ba.”

Hargitsau ya ce, “Maraba da wadda ta ce ba a halicci kalmar da za ta tsayar da ita ba. Ya ke 'yar Adam, kalma nawa suka tsayar da ke yau?”

“Uku, ranka ya daɗe. Ba wadda ta kwantar da ni.”

Bakin sarki ya zagayo wurinsa ya yi murmushi. Ya ce, “Kin san abin da ya sa nake farautar irinku? Ɗan koyo yana ganin harafi ɗaya-ɗaya, ba shi da daɗin wasa. Amma gwani ya daina ganin haruffa tun tuni, kalma yake haɗiya ɗungurungum. In na ba shi kalma mai daɗin faɗi, na ɗaure shi da igiyar da ya murza da hannunsa. Malamai nawa ne a birnin nan suka zama turame da tukwane!”

Ta ce, “Na ga igiyar, na kuma ga inda ake kwance ta. A ba ni 'yata.”

Sarki ya yi nuni. Rakiya ta durƙusa ta ciro zaren wuyan dilar, ta juya duwatsun ba tare da ta ko duba ba, ta ce, “Ladi!” Sai ga yarinya a tsaye. Ta faɗa jikin uwarta tana cewa, “Inna! Inna, ina jin ki tun daga zaure, na kasa magana.”

Hargitsau ya ce, “Wannan ba gwaji ba ne, kin san abin da kike nema tun daga gida. Ga gwajina, ba kuma zan ɓoye miki shi ba. Tsakanin fadata da gidanki akwai fili, babu itace, babu dutse, babu abin da ke da suna. Ki ajiye askata a nan, ku kama hanya. Ni kuma zan biyo ku da dukan ƙarfina. In kun tsira, kun tsira har abada. In na kayar da ku, ku biyun nawa ne.”

Rakiya ta zare askar ta ajiye a gaban karaga. Ta ce, “Na karɓa. Sai dai ina roƙon sarki ya fito da ƙarfin nasa duka, kada gobe a ce ragi aka yi mini.”

Ta kama hannun Ladi suka fita ta ƙofar baya. Fili ne fetal, fari fat, ba iyaka. Sun yi nisa da tafiya sai suka ji ruri a bayansu. Suka waiga, ga guguwa ta haɗe sama da ƙasa, baƙa ƙirin, tana tafe da duwatsu masu kaifi da guntayen ƙarfe suna walƙiya a cikinta.

Ladi ta ce, “Inna, mu gudu!”

“Ba a tsere wa iska, 'yar nan. Tsaya in duba.”

Ta duba gabas ta duba yamma, ba abin kamawa. Zaren wuyan Ladi kuwa ba abin da zai bayar sai dila, ba za ta sake taɓa shi ba. Ta kai hannu ƙirji don ta danne bugun zuciyarta, sai ta ji duwatsu. Ashe ita ma tun shigowarta ƙasar take rataye da nata. Ta ciro ta zube su a ƙasa, RAKIYA.

Duk wuyar da ta sha a baya wasa ce. Tana kallon duwatsun sai ta ji muryar mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, tana ƙwala mata kira daga madafa. Ta ji muryar mijinta, ta ji ta ƙawayenta na ƙuruciya, ta ji yaran aji suna cewa Malama Rakiya. Wannan kalma ce da aka raɗa mata a kunne tun tana cikin zanen goyo, ba ranar da ba ta ji ta ba. Ta kai hannu za ta ɗaga dutsen farko, ta ji kamar haƙori za ta cire. Idonta ya ce, ai wannan ba haruffa ba ne, ke ce.

Tsakuwar farko ta iso ta tsaga mata kunci.

Ta cije. Ta ce, “Yau ba ni da suna. Baƙaƙe uku ne da wasula uku.” Ta ture R da K da Y sama, ta bar A da I da A a inda suke, da gurabu a tsakaninsu. Muryoyin suka yi shiru. Ta dubi 'yarta da ta dunƙule a ƙasa ta rufe kai da hannu, ta tambayi kanta abin da yarinyar nan ke bukata a wannan fili. Sai ta ɗauki K ta sa a gurbin farko, ta sa R a na biyu, ta mayar da Y wurinta.

Ta kama kafaɗar Ladi ta ce, “Saurara da kyau. In iska ta kwanta, ki mayar da waɗannan yadda suke, ki faɗa da ƙarfi. Kin ji ni?”

“Inna, me za ki yi?”

Rakiya ta miƙe ta ba guguwa baya, ta buɗe hannaye, ta ce, “Kariya!”

Ta ji ƙafafunta sun nutse cikin ƙasa, bayanta ya faɗaɗa, hannayenta suka miƙe suka zagayo suka haɗu. Ta zama wata katanga mai kauri, zagayayya kamar rumbu, rufe ta sama, Ladi tana ciki. Ba ta da baki, ba ta da ido, amma tana ji. Hargitsau ya iso ya afka mata. Ya jefe ta da duwatsu, ya yanke ta da ƙarfe, ya zagaya ta dama ya zagaya ta hagu yana neman tsaga. Ya ja da baya ya sake tahowa da gudu. Kowane bugu tana jin sa har cikin rai, amma ko gezau. A cikinta kuwa tana jin numfashin 'yarta, ko ƙwayar yashi ba ta taɓa ta ba.

A hankali ruri ya koma huci, huci ya koma shiru. Sarkin da ya haɗe sama da ƙasa ya dawo ɗan ƙaramin juyi da bai fi tsawon taɓarya ba. Ya ce da 'yar siririyar murya, “Ya ke 'yar Adam, na sallama. Ban taɓa ganin wanda ya iya wargaza sunansa da hannunsa ba. Hanya taku ce, in akwai mai mayar da ke.”

Rakiya ta ji 'yan yatsun Ladi suna tattara duwatsun. Yarinyar ba ta sha wuya ba, nan da nan ta musanya biyun ta jera su daidai. 

Can ta ji Ladi ta ce, “Inna.”

Ba abin da ya motsa.

“Inna, ki tashi. Malama!”

Hargitsau ya yi 'yar dariya ya ce, “Ƙasata ba ta san Inna ba, yarinya. Abin da ke rubuce shi za ki faɗa.”

Sai a lokacin Rakiya ta gane inda matsalar take. Tun da aka haifi Ladi ba ta taɓa kama sunan uwarta ba. Ko wata mai irin sunan ta gamu da ita, mai sunan Inna take ce mata. Ga shi kuma katangar ta fara sanyi, Rakiya tana jin kanta yana nauyi, tunaninta yana daskarewa kamar laka a rana. Ta so ta ce faɗi mana, na yafe miki, amma katanga ba ta magana.

Ladi ta dafa bangon ta ji ɗumin yana gudu. Ta fashe da kuka. Ta ja ɗankwali ta rufe fuskarta ruf, kamar mai shirin shiga ruwan sanyi, ta buɗe baki ta ƙwala da dukan ƙarfinta, “Rakiya!”

Sai ga su a tsakar gidansu a Tsamiyar Ruwa, rana tana nan inda suka bar ta, kaji sun taru a kan shinkafar da ta zube. Malama Rakiya tana zaune a ƙasa, bayanta duk ƙujewa, kuncinta yana jini, ta rungume 'yarta ƙam. Suka daɗe a haka.

Can Rakiya ta janye ɗankwalin daga fuskar Ladi, ta ɗaure fuska ta ce, “Wai wa na ji ya kama sunana gatsau haka, ko sakayawa babu?”

Ladi ta ce, “Wayyo Inna, don Allah!” Ta fizge ta ruga ɗaki ta turo ƙofa.

Malama ta yi ta dariya, haƙarƙari yana ciwo tana yi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko lafiya. Ladi ba ta sake furta sunan nan ba har ta girma ta yi nata 'ya'yan. Rakiya kuwa har ta tsufa tana faɗa wa mutane cewa an kira ta a gida, an kira ta a makaranta, an kira ta a gaban manya, amma sau ɗaya tak aka taɓa kiran sunanta yadda ya kamata.